Igiyar Awo

Ni ce mai wake da shinkafa a ƙofar firamaren Aboabo,
shekara goma sha ɗaya ƙarƙashin laima guda.
Ran Talata wani mutum ya zo da igiyar awo,
ya auna katanga, ya rubuta,
ya ɗaga kai ya daɗe yana duban kwano,
ya tafi bai sayi ko na sidi biyar ba.

Abin da na gaya wa Memuna ke nan, wallahi babu ƙari:
"Yau wani ya zo yana auna makaranta."

Kafin la'asar magana ta yi ƙafa.
Ta shiga mota zuwa Asawase, ta sauka Kejetiya, ta sha rana,
ta dawo mini ran Alhamis ta yi ƙiba
har na ba ta wurin zama, ban gane 'yata ba.
An sayar da filin, gidan mai za a yi.
A'a, shaguna. A'a, wani attajiri ne daga Tema.
Wai rijiyar burtsatse ta haɗu da masai.
Wai hedimasta ya cinye kuɗin rufi ya yi bene a garinsu,
shi da ke cin nawa bashi sai ƙarshen wata.

Ran Asabar ofishin ilimi ya kira taro.
Kujerun roba, rumfar haya, lasifika mai tari.
Madam Serwaa ta zo da fayil a hammata,
tana yi da Tonanci, Malam Fuseini yana juyawa,
wani wuri ya rage mata gishiri, wani wuri ya ƙara.

Baba Seidu tela ya miƙe da almakashi a aljihu:
"Wa ya saya? A faɗa mana sunansa."
Ta ɗaga takardar fili, hatimi ya koɗe amma yana nan.
Ba wanda ya saya. Ba wanda ya ma taya.

Ashe gara ce.
Gara ta cinye katakon aji huɗu tun daga ciki,
fenti ne kawai ke riƙe da mutuncinsa.
Kwano sittin da biyu ake nema.
Kuɗin da ya zo rabi ne, ya tafi ga masan 'yan mata
don shi ya fara buɗe baki.
Ruwan kuwa an gwada, tsatsar bututu ce ta ba shi launin shayi.

Aka yi shiru irin na wanda ya fito da gora
ya tarar ɓarawon ƙwaro ne.

Sai Abiba, uwar tagwaye, ko tashi ba ta yi ba:
"To yaushe? 'Ya'yana na karatu tsakanin bokiti uku."
Madam ta buɗe fayil, ta rufe.
Ta ce, "Ban sani ba. Na rubuta sau huɗu."
Malam Fuseini ya nemi inda zai sa gishiri, ya rasa,
ya faɗe ta yadda take.

Daga baya wani ya yi ihu:
"Wai ma wa ya fara wannan magana?"
Na sunkuya ina juya tukunyar da ba ta neman juyi.

Litinin mai igiyar ya dawo. Kwadwo sunansa, ɗiyarsa na aji biyu.
Na cika masa ganye, na ɗora ƙwai, na ƙi karɓar kuɗi,
ya dube ni bai san me nake biya ba.

Da yamma Memuna ta leƙo: "Yau meye labari?"
Na ce barkono ya yi tsada.

Hadari ya haɗo ta gabas.
Daga nan ina jin yara na jan benci gefe,
ina jin ɗigon farko a gindin bokiti.
Wannan kam gaskiya ce,
amma ban ga wanda ya kai ta Kejetiya ba.