Wuƙar Haske

Shekara huɗu ina zubin adashi,
Asabe ta ƙara da kuɗin tumakinta biyu.
Na cusa jakunkunan sefa a alabe,
na ce wa Baba: gobe sai Garwa.
Ya ce: da ni. Wanda ido ya gudar masa, hanci bai gudu ba.

Yana ganin rana, ba ya ganin kafar basilla.
Shekara hamsin a rumfa ɗaya a Marwa,
kube, tumtum, takalmi, gidan laya,
duk abin da akuya ta bari bayan an ci nama
ya bi ta hannunsa.

A shagon Njidda injuna uku ne a jere.
Na fari ɗan ƙarami, ka ɗauke shi a hammata,
shuɗin haske, ba ya shan ruwa, ba ya cin wuta.
Wajen zane sai ka ce alƙalami,
amma ka ba shi kirgi, sai ya bi sau biyar
kafin ya ratsa, ga gefe ya yi gawayi.
Na biyu akwati ne, da kwalba doguwa a bayansa,
wat sittin, ruwa na zagaya ta kada zafi ya fasa ta.
Na ce: ka san bazarar Marwa kuwa?
Randa ma gumi take, ruwanta kamar na shayi.
Ya ce: to sai ka saya masa abin sanyinsa.
Na uku ban tambayi kuɗinsa ba,
ƙofarmu ba za ta haɗiye shi ba.

Na yi ta lissafi a tafin hannu.
Gadonsa zai ɗauki fata guda a shimfiɗe?
In kwalba ta mutu, Duwala ko Kano, kwana nawa?
Wa zai daidaita madubai in ramukan hanya sun karkata su?
In wuta ta ɗauke a tsakar aiki,
fatar mutane ce a ciki, ba tawa ba.
Njidda ya ja mini kunne a kan hayaƙi:
jimar bagaruwa ce abincinsa,
fatar roba kuwa in ta sha wutar nan
guba take amai, ta ci huhu, ta ci ƙarfe.
Bututu ya leƙa waje, ba wajen mai ƙosai ba.

Duk wannan Baba bai ce uffan ba.
Sai ya zaro ƙyallen jar fata daga aljihu,
da wata takarda da ta sha ninki,
zayyanar da ya yi bara, lokacin da hannu ya fara rawa.
Yaron shago ya ɗauke ta hoto, ya sa a kwamfuta,
ya ce: layin nan ya karkace, in miƙe shi?
Baba ya ce: wa ya aike ka?

Aka rufe murfi.
Ɗigon wuta ya yi ta kai da komo kamar tururuwa mai sauri.
Aikin wuni da rabi,
kafin shayin Njidda ya huce an gama.

Baba ya kai fatar hanci.
Ƙauri, in ji shi, kamar babbakar kai ranar Layya.
Ya bi zanen da babban yatsa, a hankali, a hankali,
har ya iso kusurwa ta uku,
inda hannunsa ya goce bara.
Gocewar na nan, ba ragi, ba ƙari.
Ya daɗe a kanta.
Sannan ya ce: bai gyara ni ba.
Yaron nan yana da ladabi, biya su.

Muka ɗaura akwatin a saman mota.
Kwalbar kuwa ya hana a ɗaura,
ya rungume ta cikin bargo a kan cinya,
basillarsa na soke a gefen hula,
don injin yana yanka, yana huda, amma ba ya ɗinki.
Kafin Figil barci ya kwashe shi.
Muka faɗa wani rami, kowa ya yi salati,
kansa ya bugi gilashi,
hannun bai saki ba.