Lamba Ashirin

Shekara goma sha ɗaya ina bakin titin Jekadafari,
galan huɗu, mazurari, da tsumman da ya fi ni sanin rana.
In layi ya yi tsawo a gidan mai, ni ne sarki,
in tanka ta iso gari, in koma ɗan kallo.
Bumburutu ake ce mata, ban taɓa sunkuyar da kai ba,
ita ta rufa mana ɗaki da kwano,
ita ta kai Dada asibiti ranar da ƙafa ta ƙi ta.

Sai ga ƙanena Giɗaɗo da keke mai ƙafa uku,
kore shar, ba hayaƙi, ba tari,
ya shigo lungu kamar kyanwa ta hango nama,
ko akuyar maƙwabta ba ta ɗaga kai ba.
Na zagaya shi sau biyu ina neman bakin tanki.
Ya ce, Hamma, wannan ba ya shan naka, sai dai ya tsotsi wuta.

Lamela ɗan Billiri ya zo da tsani da jakar kaya,
ya huda bangon zaure daidai inda Baba ke rataye buzu,
ya ja waya mai kaurin yatsa daga mita,
ya binne ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri a ramin,
wai ko aradu ta faɗo, nan za ta bi ta wuce.
Farin akwati ya zauna a bango da ido ɗaya.
Ya cinye ragunan Giɗaɗo biyu da rabin adashin matata.

Kamfanin wuta sun ce duk wanda ya kafa irinsa a gida
za a mayar masa da kashi ɗaya cikin uku.
Kawo rasit. Kawo hoton akwatin.
Kawo hotonka tsaye kusa da akwatin.
Dawo Laraba, mai sa hannu ya tafi ta'aziyya Kumo.
Ni na yi ta sintiri, don mai keke yana kan hanya,
Tumfure zuwa Tashar Dukku, Tashar Dukku zuwa Tumfure,
ni mai warin fetur, a kan benci, rungume da fayil,
ina bin bashin abin da zai kashe min kasuwa.
Wata ma'aikaciya ta toshe hanci, sai kuma kunya ta kama ta,
ta ce, yi haƙuri malam, takardarku ta kusa fita.

Wata uku. Kuma ba kuɗi suka turo ba.
Saƙo ne ya shigo waya bayan isha'i, lamba ashirin,
wai a danna a mita.
Giɗaɗo ya yi tsaki, ya ce lamba ba ta sayen rago.
Ni na danna, da yatsan da mai ya tsattsaga,
ɗaya bayan ɗaya, Dada na haska min da tocila,
don a daren nan, ka san halinsu, sun ɗauke ta.

Ƙarfe biyu da kwata firjin maƙwabta ya yi gurnani,
idon akwatin ya buɗe.
Na fito ba riga, na soka igiyar a haƙarƙarin keken
kamar mai kai ɗan maraƙi gindin uwarsa,
na zauna kan galan ina saurare.
Ba ƙara, sai ɗan amo irin na sauro a ɗakin wani.
An ce ruwan Dadin Kowa ne ke juya wani abu a can,
ruwan da muka yi iyo cikinsa muna yara,
ga shi ya biyo waya har zaurenmu
bai jiƙa ko gefen tabarma ba, balle ya ɓata.

Da safe na ɗauki galan uku.
Na huɗun Dada ta yanke masa baki,
ta wanke da toka, ta cika da ƙasa, ta shuka barkono.
Giɗaɗo ya ce, hau in sauke ka.
Na hau baya, hajata a kan cinya tana kaɗawa,
muka gangara titi shiru,
ni da fetur, cikin keken da ba ya buƙata.