Bashin Ranar Asabar

Mun bar kwalta a bayan Gidan Waya,
muka hau jar hanya mai ramuka.
Inna Tabawa na gefena, ta ƙanƙame ƙofar mota,
ta ce, "Tafi sannu, Ɗanjuma, ba tsere na zo ba,
idona ya tsufa, ba ya son gaggawa."

Duwatsu a hagunmu, baƙaƙe, a kwance
kamar shanun da suka ƙoshi.
Mata na shanyar citta a kan falalen dutse,
ƙamshinta ya biyo mu, ya sa ni atishawa.
Can nesa giginya ɗaya tilo
tana gadin gonar da ba mai nomawa.

Ƙauyen farko, rufin kwano ne da tsatsa ta cinye,
sai wani haƙorin injin haƙa, rabi a ƙasa,
awaki sun mayar da shi wurin susa.
Ta nuna da haɓa: "Nan sikeli yake.
Nan ake auna kuza, ba a auna gumi.
Akawu da fensir a bayan kunne,
leburori a layi, ƙafa duk taɓo."

Na biyu ba shi da gida ko ɗaya,
kududdufi ne kawai, kore shar, ya yi tsit.
Yara uku na jefa fatsa daga baki.
Na ce, "Kai, wurin nan da kyau."
Ta ce, "Ba ruwan Allah ne ya tona shi ba, hannu ne.
Akwai shebur a ƙarƙashinsa,
akwai wanda ke riƙe da shebur ɗin."
Na yi shiru. Injin mota ma ya rage murya.

La'asar ta kawo mu na uku.
Ta sauka ba sanda, ta ratsa cikin tofa,
ta wuce mangwaron da ya fasa harsashin barikin,
ta tsaya gaban wani bango, shi kaɗai ya rage,
ƙadangare a kansa yana gyaɗa kai.

Nan ta yi shekara tara tana tuƙa tuwo.
Ba ta iya boko ba, ƙusa ce alƙalaminta.
Kowane zane malmala ɗaya, sai Asabar a biya.
Ta bi su da yatsa kamar mai jan carbi:

"Wannan layin na Dogara ne, mai son ƙari.
Bakwai ɗin nan na Maikarfi, Babarbare, ba ya cin yaji.
Ga na Yohanna Gajere, da yake min waƙa maimakon kuɗi.
Wannan guda biyu kacal,
na yaron da rami ya rufta da shi ran Alhamis.
Ban taɓa sanin sunansa ba."

Kamfani ya naɗe tabarma wata Juma'a da dare.
Asabar ɗin ba ta zo ba har yau.

Na ce, "Inna, nawa ne duka?"
Ta ce, "Ba lissafi na zo yi ba.
Na zo in faɗa musu na yafe,
kada wani ya tsaya gobe kiyama
saboda tuwon dawa da miyar kuka."
Ta faɗa da ƙarfi, sau uku, ga bango da ƙadangare.

Muna juyawa sai ga yarinya da gasasshiyar masara.
Inna ta ɗauki biyu, ta miƙa dubu.
Yarinyar ta duba ɗaurin zaninta, babu canji,
ta ce, "Kaka, ki kawo in kin sake biyowa."

Inna ta yi dariya har sai da ta dafa ni.
Ta sunkuya, ta tsinci tsakuwa mai kaifi,
ta koma jikin bangon, can ƙasa da na Dogara,
ta ja zane biyu.