Taɓare Goma

Shekara talatin ina sassaƙar turmi a Jega,
ban taɓa jin mai son taɓarya da wuya ba
sai da Arzika ya dawo daga Ikko
da zane a aljihu, abu kamar kwalba.
Goma, ya ce, gajeru, masu tumbi.
Na ce, me za a daka?
Ya ce, ba daka ba ne, kayarwa za a yi.

Na zaɓi ƙirya, don ta san duka.

Ya kama hayar tsohon siton albasa bayan tasha,
ya shimfiɗa katako, ya goge har ƙuda na santsi.
Ƙwallon baƙi ne, nauyin ɗan akuya,
da huji uku kamar fuskar mai mamaki.

Gari ya samu abin taunawa.
A teburin shayi aka ce kuɗin Ikko sun taɓa shi.
Yaran gidan kallo suka leƙo suka ce,
ina gola? ina gudu? wannan wasan masu ciwon baya ne.
Liman ya zo duba ko caca ce,
bai ga ko sisi a ƙasa ba,
ya ce a rufe in an kira la'asar,
ya juya zai fita, ƙwallo ya tafi rugugugu,
ya waiwayo.
Na gan shi. Ya waiwayo.

Tunau, wanda ya kā da maza a Argungu
kafin gwiwa ta kā da shi,
ya jingine sanda, ya murza, shida suka zube.
Ya yi dariyar da matarsa ta ce
tun zamanin kokawa ba ta ji irinta ba.

Kulu kuwa, 'yar mai masa, ita ke jera su,
naira ɗari a wuni.
In kowa ya watse sai ta cire takalmi,
ta sa hannu biyu, yatsunta ba su cika hujin ba.
Jiya tara ta kayar.
Ta goman ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.
Na san ta: ita ce na bar wa gindi da faɗi
ranar da gizagona ya dakushe.
Ban gaya wa yarinyar ba.

Arzika na cewa wata rana za a yi gasar jiha,
riguna masu lamba, kofi, har a talabijin.
Mai sito na cewa albasa ta kusa fitowa,
yana son ɗakinsa.
Ban san wanda zai riga wani ba.

Ni dai na ajiye gungume a inuwar zaure,
yana bushewa a hankali.
Masu turmi biyu sun taya, na ce an saya.
In Kulu ta tambaya,
goma ne a cikinsa, gindinsu ɗaya.