Da Wai ko da Ai

A Jidda, can bayan Kilo Bakwai,
inda iskar teku ke lasar ƙarfe har ya yi ja,
nan nake durƙusawa daga asuba,
kwanon ruwan sabulu a gabana,
ina laluben inda taya ke numfashi a ɓoye.

Ƙusa ɗaya ce tal,
amma ramin da ta bari ya fi ɗan gata suna.
Ni a Gusau na koye shi: fanca.
Abu Mish'al mai shago ya ce banshar,
ya cika baki da shi kamar dabino,
har yana rantsuwa gadon kakansa ne.
Shofiƙul mutumin Silet ya ce pancar,
leɓɓansa na fashewa
kamar tiyub ɗin da iska ta yi wa yawa.

Ran wata Talata sai ga Bature da motar kamfani,
mutumin da a gidansu aka yanke wa kalmar cibiya.
Ya faɗe ta sau uku.
Muka dubi juna.
Sai da ya tsuguna ya nuna da yatsa
muka ce, af, fanca!
af, banshar!

Da 'yan baladiyya suka ce allon shago ya koɗe,
aka kira Awad ɗan Kosti da gwangwanayen fentinsa.
Ya ja Larabcin tsaf, wutsiyar ra kamar lauje.
Da ya zo layin ƙasa sai burushi ya tsaya.
Daga kan tsani ya leƙo ni:
Tanimu, tayar nan, da wai ko da ai?

Na ce, wai kuma?
Ai taya taya ce.
Ya ce, haruffa nake nufi, ya zol.
Ingila na sa wai a tsakiya, Amurka na sa ai.
Na ce, to ni shekara goma sha tara ina cin abinci da ita
ba ta taɓa gaya mini ƙasarsu ba.
Ka sa ai. A garinmu mai cewa wai bai gani da ido ba.
Abu Mish'al ya ce a sa wanda ya fi arha.
Shofiƙul ya ce wai,
don haka aka rubuta a jikin shagon kawunsa.

Da dare na kai ƙara wurin Rumasa'u,
'yar autata, mai aji biyar da jakar da ta fi ta nauyi.
Ta buɗe littafi ta nuna mini jan biro:
malamarsu 'yar Kerala ta ƙara mata harafi a kalmar launi,
waya kuma ta ce a cire shi.
Baba, in ji ta, wannan kaɗan ne.
Wuƙar Turanci da k take farawa,
gwiwa ma haka,
kuma ba mai furta shi, ko Sarkin Ingila.
To me yake yi a wurin?

Na daɗe ina kankare baƙin mai daga farce.
Na ce, safaya ce, 'yata.
Ana ɗauke da ita a but, ba ta taɓa kwalta,
amma ba direban da ke yarda ya bar ta gida.
Ta yi dariya har ta ƙware da shayi.

Allon fuska biyu gare shi.
Awad ya sa wai a wadda ke duban hanyar Makka,
ya sa ai a wadda ke duban teku,
ya karɓi kuɗin harafi biyu.

Jiya bas ɗin 'yan umara ta tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa.
Direban Baturke ne, ban kama ko kalmarsa guda ba.
Na mirgino tayar, na shafa mata sabulu,
na kara kunne.
Can kusa da baki kumfa ta tashi, ƙanana, a jere.
Na zaro alli daga bayan kunne
na zagaye wurin.
Shi ne harafin da nake rubutawa kullum,
ba wanda ya taɓa ja mini jan biro a kai.