Ranar Jibi a Kwoi

Buhu tara muka ɗinke bana,
citta busasshiya mai ƙamshi.
Afiniki ta tsaga, ni na shanya a kan fa,
yajin ya ci tafin hannunta
har muciya ta gagare ta da dare.

Na kai kasuwa, farashi ya hau.
Na dawo gida na ce ya faɗi.
Rarar na miƙa wa ƙanena Filibus
ya cika kuɗin babur.
Ai ba giya na sha ba, ba mace na bi ba,
da haka na riƙa shafa kan zuciyata
har ta yi luf.

Ita kuwa ta zauna a bakin gado
tana lissafin kuɗin makarantar Damaris
da yatsun nan da suka ɗaye.
Ta ce, "Allah ya san da mu, Irmiya."
Na ce amin. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Mako uku ƙaryar tana kwana a tsakiyarmu,
ta fi jariri cin wuri.

Sai ga Lahadin Jibin Ubangiji.
Fasto bai ɗaga murya ba,
ya ce kowa ya leƙa cikinsa tukuna,
maƙwabcinka na fari, in ji shi,
shi ne wanda kuke jan bargo ɗaya.
Baba Zakka ya iso da faranti,
yana jan ƙafarsa mai ciwo.
Gurasar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba,
amma na san ba za ta wuce maƙogwarona ba.
Na naɗe hannu. Ya dube ni, ya wuce.
Can a layin matan zumunta
wani ɗankwali ya juyo.

A gida ba ta tambaya ba.
Ta zuba gwaten acca, ta ajiye cokali,
ta koma tana tsince yakuwa.
Shirun ne ya tatso maganar,
na faɗa duka, har da canjin da na sayi kati.

Ta daɗe tana kallon yakuwar.
"Da ka tambaye ni," ta ce,
"da na ce a ba shi rabi, yaron yana da himma.
Kuɗi ai ƙasa za ta sake haifa.
Shekara goma sha tara ke nan
da aka ce mun zama jiki guda.
Yaushe hannun dama ya fara
yi wa na hagu sane?"

Ban ce ni ne shugaban gida ba.
Wanda aka ce in yi koyi da shi
ɗaura tawul ya yi, ya durƙusa.

Daren nan bango ta fuskanta.
Addu'ar da muke yi tare, kowa ya yi tasa.
Na ji tana ambaton sunana a ciki,
ban ji abin da ta roƙa ba.

Da asuba na tarar da bokiti a ƙofar bayi,
ruwan da ɗumi, tururi na tashi.
Ba ta yi murmushi ba.
Ta ce, "Yi wanka. Gidan Filibus za mu,
mu biyu, mu ji yadda zai riƙa biya."

Na bi ta a baya ta cikin gonar da muka tone.
Jibi na gaba saura wata guda.