Sidi Dubu Uku da Mataccen Firij

Kakana Gariba goro ya sayar,
Baba ma goro, a rumfa guda a Aboabo.
Na tashi ina jin su suna tsine wa sankara
kamar maƙwabciya mai shigowa ba sallama:
ka naɗe huhu, marsa zalla,
ka kwance bayan mako uku
ka tarar ta riga ka ci.

Shekara biyu ina yawo da dabara a ka
kamar tallan da ba a san sunansa ba.
Mataccen firij, a cire masa hanji,
a shimfiɗa gawayi, a jiƙa buhu,
a sa fankar kwamfuta ta riƙa yi masa fifita.
Banki ya ce ina takardar fili.
Yayana ya ce ina ruwan biri da gada.
Baba bai ce uffan ba,
ya fasa daushe, ya miƙo min rabi.

Ramatu mai kemis ce ta ce in hau bene
ran Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar.
Mutum bakwai na tarar a kujerun roba:
tsohon hedimasta, nas biyu, direban tirela,
Anti Serwa mai yadi a Kejetiya,
sauran biyun har yau ban san sana'arsu ba.
Duk wata suna zubi kamar adashi,
sai dai babu mai kwasa a cikinsu.
Kwasar ta wanda ya zo da tunani ce
tun yana ɗanye, tun bai fara rarrafe ba.

Na zana firij ɗina a bayan kalanda,
biro na rawa a hannuna.
Direban ya ce, "In ya ƙi fa?"
Na ce, "Ban sani ba."
Ya ce, "To, je ki sano mana."
Sidi dubu uku a ambulan,
ba kuɗin ruwa, ba jingina, ba mai ɗaukar hoto.
Sharaɗi ɗaya: rubuta duk abin da ya faru,
har wanda kike jin kunyarsa.

A Suwame Magazin, Kwabina mai walda
ya yi dariya sai da ya ajiye gilashi,
sannan ya rage min sidi tamanin.

Gwajin farko na cika ruwa.
Ƙwarya biyu ta goro ta yi farin gemu.
Na rubuta.
Na biyu, wuta ta ɗauke, ta dawo da fushi,
fanka ta yi ƙauri ta mutu.
Na rubuta. Na yi kuka, shi ban rubuta ba.
Na uku, batirin babur da ɗan farantin sola,
na shimfiɗa ganye a ƙasa yadda Kaka ke yi.
Ashe tsohon bai ɓata ba,
iska kawai ya rasa.

Kwana arba'in da ɗaya.
Cikin ɗari, sha bakwai sun tafi.
A huhun Baba na gefe, talatin da tara.
Ba wanda ya yi guɗa.
Baba ya ɗauki ja guda, ya juya shi, ya ɓare,
ƙas! har bakin rumfa aka ji.
Ya daɗe yana tauna, yana kallon titi,
can ya ce, "Wani firij ɗin, nawa zai kai?"

Da Asabar ta zagayo na koma bene
da littafi mai tabon gawayi
da canji, sidi arba'in da biyu.
Hedimasta ya tsallake shafin nasara,
gwaji na biyu ya ce in karanta musu, sau biyu.

Ina saukowa na ci karo da wani yaro a matakala,
rungume da bokiti, tiyo da sarƙar keke,
gumi har ƙeya.
Na matsa masa hanya, na ce,
"Za su tambaye ka in ya ƙi fa.
Kada ka yi musu ƙarya."